A Wasa Wuƙa Ko A Jiƙa Ta? Magana A Kan Kalmar "Whet" Ta Ingilishi

Daga Wakilinmu

Akwai wata 'yar kalma ta Ingilishi mai haruffa huɗu kacal, wadda ta daɗe tana kayar da masu ilmi a ofisoshin Gwamnati da ɗakunan jarrabawa, har ma da shafuffukan jaridu. Kalmar ita ce "whet". Galibi akan gamu da ita ne a cikin zancen nan da Turawa ke yi, "to whet the appetite", watau a tayar wa mutum da marmarin wani abu har ya ji yana ƙara sonsa. To, sau da yawa idan mutanenmu suka tashi rubuta wannan zance sai su yar da harafin "h" su rubuta "wet", alhali kuwa ita wannan ma'anarta jiƙawa da ruwa. Waɗansu kuma sukan rubuta kalmar daidai, amma su aza ta a gurbin da ba nata ba, suna zaton ma'anarta ƙosarwa ko biyan bukata.

Ra'ayina a kan wannan al'amari shi ne, ba rashin ƙoƙari ne ke jawo irin wannan kuskure ba. Yadda muke koyon Ingilishi shi ne tushen abin. Mun saba da haddace zantuttukan Turawa a dunƙule, kamar yadda aku ke yi, ba tare da mun tsaya mun tambayi abin da kowace kalma ke nufi tun asali ba. Duk wanda ya san cewa "whet" wasa wuƙa ne, ba zai sake rubuta ta ba daidai ba har abada. Abin mamaki kuma, Bahaushe ya fi mutane da yawa damar gane wannan kalma, domin kuwa harshensa yana da irin wannan kwatanci sak. Wannan shi ne abin da nake so in bayyana wa masu karatu a yau, musamman ma'aikata da 'yan makaranta.

ASALIN KALMAR

Ma'anar "whet" ta farko ita ce a goga bakin wuƙa, ko takobi, ko lauje, ko aska, a jikin dutse har ya yi kaifi. Shi wannan dutse Turawa na kiransa "whetstone", mu kuwa dutsen washi muke ce masa. Kowa ya taɓa tsayawa a rumfar mahauta da safe, ko ya zauna gaban wanzami kafin ya ɗora masa aska a ka, ya ga wannan aiki da idonsa. Abin da ke faruwa shi ne dutsen yana cinye ƙarfen kaɗan kaɗan ta gefe biyu, har bakin ya sirance ya koma iya yanka.

Kalmar tsohuwa ce ƙwarai. Fiye da shekara 1000 da suka wuce, a tsohon Ingilishin da ake yi kafin zuwan Normandawa, ana rubuta ta "hwettan". Tun a wancan zamani tana da ma'ana biyu, watau wasa ƙarfe da kuma zuga mutum ko ƙarfafa masa zuciya ya aikata wani abu. Tana da dangi a harsunan da suka haɗa kaka da Ingilishi. Jamusawa na cewa "wetzen", dutsen kuma su ce "Wetzstein". A tsohon harshen mutanen arewacin Turai akwai "hvetja", wadda ita ma take ɗauke da ma'anonin nan biyu. Ke nan kwatanta zuciyar mutum da bakin wuƙa ba sabon ado ba ne da marubutan baya-bayan nan suka ƙago, tare da kalmar aka haife shi.

Ita kuwa "wet" gidansu dabam. Daga tushe ɗaya ta fito da kalmar "water", watau ruwa. Babu wata dangantaka ta jini tsakaninta da "whet", kamannin fuska ne kawai ya haɗa su, kamar yadda akan sami mutum biyu a kasuwa masu kama da juna alhali ko garinsu ba ɗaya ba ne.

Ɗaliban da suka karanta wasannin Shakespeare domin jarrabawa sun gamu da kalmar ko da ba su lura ba. A cikin wasan Julius Caesar, wanda aka rubuta wajen 1599, da wannan kalma ce Brutus ya bayyana irin zugar da Cassius ya yi masa a kan Kaisar, zugar da ta hana shi barci. A cikin Hamlet kuma, lokacin da fatalwar mahaifinsa ta sake bayyana gare shi a ɗakin mahaifiyarsa, da ita ce ta yi masa bayanin dalilin dawowarta, domin niyyarsa ta ɗaukar fansa ta fara dakushewa. A cikin Macbeth, bayan an kashe wa Macduff mata da 'ya'ya, da dutsen washi Malcolm ya kwatanta masa baƙin cikin nan, don ya mai da shi abin da zai ƙara wa takobinsa kaifi. A duk wuraren nan uku, akwai wani abu a zuciyar mutum tun da farko, aka zo aka fito masa da baki.

Masu lissafi ma suna da rabonsu a tarihin kalmar. A shekarar 1557 wani likita mai suna Robert Recorde, mutumin yankin Wels na Birtaniya, wanda ya taɓa riƙe aikin kula da gidan buga kuɗi na Sarki a garin Biristol, ya wallafa littafin aljabara da ya sa wa suna The Whetstone of Witte, watau dutsen wasa basira. A cikin wannan littafi ne aka fara amfani da alamar nan ta daidaito, 'yan layuka biyu a kwance, wadda kowane ɗan firamare ke rubutawa a yau. Shi Recorde bai ce littafinsa zai zuba wa kowa basira a ka ba. Abin da sunan ya yi alkawari shi ne, wanda ya zo da tasa za a wasa masa ita.

YADDA AKE AMFANI DA ITA

Idan mai karatu ya riƙe bambancin da ke tsakanin maƙeri da mai washi, to, ya riƙe dukkan ƙa'idar amfani da kalmar. Maƙeri shi ke ƙera wuƙa daga ɗanyen ƙarfe. Mai washi kuwa sai an miƙo masa wuƙa tukuna, ba ya ƙirƙirar kome. Saboda haka kalmar "whet" aikatau ce da ba ta tsayawa ita kaɗai, tilas a ambaci abin da aka wasa, kuma tilas abin ya zama yana nan tun da can, ko da a kwance yake. Ƙanshin tsire a bakin tasha da yamma ba shi ke halittar yunwa a cikin matafiyi ba, tashinta yake yi. A nan ne Bature zai ce "the smell whetted his appetite".

Abu na biyu, wanda shi ne ya fi muhimmanci, shi ne washi ƙari yake yi. Wuƙar da aka wasa ba ta gama aiki ba, yanzu ne ma za ta fara. Don haka idan aka ce wani abu ya yi "whet" ɗin marmarin mutum, ana nufin ya ɗanɗana kaɗan ne, ɗanɗanon kuma ya sa yana neman ƙari. Loma ɗaya kan yi wannan aiki, akushi guda kuwa kashe marmari yake yi. Idan ana so a ce mutum ya ƙoshi, ko bukatarsa ta biya, akwai kalmomin da aka tanada domin haka, irin su "satisfy" da "sate", ga ƙishirwa kuma "quench". Idan kuwa marmarin ne ya ragu, sai su ce "dull" ko "blunt", waɗanda ke nufin dakusarwa, ka ga an sake komawa ga bakin wuƙa ke nan.

Abu na uku shi ne sanin abokan tafiyarta. A Ingilishin yau kalmar ta fi zama da "appetite", sa'an nan "curiosity", watau son sanin ƙwaƙwaf, da "interest" da "desire", watau sha'awa da bege. Dukkansu abubuwa ne na kwaɗayin rai. Ba a cika cewa an yi "whet" ɗin mutum shi kansa ba a yanzu, ko da yake an yi haka a zamanin Shakespeare. Haka kuma ba da ita ake feƙe fensir ba, wannan aikin "sharpen" ne. Idan kuwa gwaninta ce mutum ke ƙara gogewa a kai, kamar akawu da ke ƙara ƙwarewa wajen tsara wasiƙa, kalmar da suka fi so ita ce "hone", wadda ita ma daga sunan wani dutsen washi mai laushi ta samo asali. Sau da yawa bayan "appetite" sai a biyo da "for" kafin a faɗi abin da ake marmari, misali "whetted their appetite for reading", watau ya ƙara musu son karatu.

Abu na huɗu na haɗa baƙaƙe ne. Idan aikin ya shuɗe, "whetted" ake rubutawa da "t" biyu, idan kuma ana cikin yinsa "whetting". A nan ma akwai tarko, domin ita "wet" tana iya zama yadda take ba canji ko da aikin ya wuce, sai wannan ya sa waɗansu su zaci "whet" ma haka take.

Kada wani ya ɗauka wannan magana ta malaman makaranta ce kawai. A ce Gwamnati ta haƙa rijiyoyin burtsatse guda biyar a wata ƙaramar hukuma domin gwaji, aka tura jami'i ya dubo yadda jama'a suka karɓi aikin. Ya je ya tarar mutane sun yi murna, ya dawo yana so ya shaida wa Babban Sakatare cewa ƙorafin ruwa ya kwanta a yankin. Don ya ƙawata rahotonsa sai ya rubuta cewa aikin "has whetted the appetite of the people". Babban Sakataren da ya san kalmar abin da zai karanta shi ne, jama'a sun ɗanɗana, yanzu kuma za su taso da neman ƙari, a shirya musu wuri a kasafin kuɗin baɗi. Ko kuwa a juya misalin. Jami'in gargaɗi yake so ya yi cewa bukata za ta ƙaru, amma ya rubuta "wetted", mai karantawa ya fahimci an yayyafa wa abin ruwa ya lafa. Ta kowace fuska, takardar da ta shiga fayil ta faɗi kishiyar abin da idon jami'in ya gani, kuma a kan abin da ke cikin fayil ake yanke shawara.

INA RUƊANIN YA FITO?

Adalci ne a faɗa cewa ba mu muka fara wannan ruɗani ba, su kansu masu harshen suna faɗawa ciki, kuma dalilin yana cikin tarihin lafazinsu. A tsohon Ingilishi da "hw" ake rubuta irin waɗannan kalmomi, haka kuma ake furta su, a fara da hucin iska kafin a zo ga "w". Bayan Normandawa sun ci Ingila da yaƙi a 1066, hanyar rubutu ta yi ta sauyawa, har zuwa ƙarni na 13 aka juya haruffan suka koma "wh", suka yi layi ɗaya da "ch" da "sh" da "th". Daga baya kuma hucin ya fara ɓacewa daga bakin mutane, ta yadda zuwa ƙarni na 18 yawancin mutanen kudancin Ingila sun daina yinsa. Wannan ne ya sa "which" da "witch", ko "whether" da "weather", ko "whine" da "wine", suka zama abu ɗaya a kunne. A Sikotilan da Ailan da waɗansu sassa na kudancin Amurka har yanzu akwai masu bambanta su. Mu kuwa lafazin kudancin Ingila aka kawo mana a makarantu, saboda haka mun gaji kalmomi biyu da murya ɗaya.

Abin sha'awa a nan shi ne, wannan sauti da Turawan Landan suka yar yana nan da ransa a bakin Hausawan yamma. Basakkwace ko Bagobiri da ke cewa "hwara" a maimakon fara, ko "hwaɗi" a maimakon faɗi, yana furta kusan abin da kakannin Ingilishi ke furtawa a farkon "hwettan". Malamin da ke koyarwa a Sakkwato ko Maraɗi, da zai ce wa yara su karanta kalmar kamar yadda suke fara "hwara", da ya ba su abin tunawa da harafin "h" wanda ba za su manta ba.

Ban da lafazi, akwai waɗansu dalilai da ke sa kuskuren ya yi kama da gaskiya. Na farko, mai washi yakan yayyafa wa dutsensa ruwa ko mai, domin ya kwashe garin ƙarfen da ke fita kada ya toshe fuskar dutsen. Wanda ya ga haka sai ya zaci "whetstone" jiƙaƙƙen dutse ake nufi. Na biyu, idan mutum ya ji ƙanshin abinci yawunsa kan tsinke, sai hankali ya raya masa cewa lalle jiƙa marmari ake yi. Na uku, akwai wani tsohon zance nasu na dabam, "to wet your whistle", watau a jiƙa maƙoshi da abin sha, wanda ya daɗe ƙwarai har ana samunsa a rubutun Chaucer, mawaƙin da ya rasu a 1400. A wannan zance "wet" ce daidai, domin maƙogwaro ake jiƙawa. Zantuttukan biyu duk na ci da sha ne, shi ya sa suke shiga wa juna.

Amma fa a lura, a kwatancin Turawa ruwa kashe abu yake yi. Idan suka ce "dampen", watau a sa wa abu laima, suna nufin a rage wa mutum ɗoki. Mutumin da ke ɓata wa jama'a nishaɗi a wurin taro sukan kira shi "wet blanket", jiƙaƙƙen bargo, irin wanda ake lulluɓa wa wuta don ta mutu. Mu ma haka abin yake a wurinmu, in an ce jikin mutum ya yi sanyi, ko an sanyaya masa gwiwa, ai ba ƙarin himma ake nufi ba. Don haka wanda ya rubuta cewa ya jiƙa marmarin mutane, ya ɗauko ruwa ne a inda ake bukatar dutse.

GA IRINTA A GIDA

Yanzu bari mu dubi namu harshe. Bahaushe na wasa wuƙa da takobi da gatari. Amma bai tsaya nan ba. Idan aka yi wa yara kacici-kacici ko wani lissafi mai sarƙaƙiya, sai a ce ana wasa ƙwaƙwalwa. Idan makaɗi ya tsaya a fagen dambe yana yi wa ɗan wasa kirari har tsikar jikinsa ta tashi ya fito yana kaɗa hannu, sai a ce yana wasa shi. Mai yawan yabon kansa a ce yana wasa kansa. Idan kuma aka ce 'yan hamayya suna wasa wuƙa, kowa ya san shiri suke yi, ba su kai ga yanka ba tukuna. Wannan shi ne ainihin hanyar da "hwettan" ta bi, daga ƙarfe zuwa zuciya. Mutanen da teku da hamada suka raba sun dubi aikin mai washi, suka hango abu guda a cikinsa.

Har ila yau, mu ma muna da namu tagwayen masu ruɗarwa. Kalmar wasa ta washi da kalmar wasa ta wargi haruffansu ɗaya ne a rubutun boko. Karin sauti ne ke raba su. A ta washi murya kan tashi a gaɓar farko ta sauka a ta biyu, a ta wargi kuwa sai ta fara daga ƙasa ta hau. Da yake ba ma sa alamar karin sauti a rubutun yau da kullum, sai ka ga waɗansu sun rubuta "wasan ƙwaƙwalwa" a inda ake nufin "wasa ƙwaƙwalwa", sun mai da washi wargi ta hanyar ƙara harafi ɗaya. Turawa sun bambanta tagwayensu a takarda sun haɗe su a baki, mu kuwa mun bambanta namu a baki mun haɗe su a takarda. Ɗalibin da aka nuna masa wannan ya gane cewa abin da ke ba shi wuya a Ingilishi ba wani sihiri ba ne, halin harsuna ne duka.

Sai dai a yi hattara. Cewa kwatancin ɗaya ne ba ya nufin a riƙa ɗauko kalma ana dasawa a gurbin kalma. Ba wanda zai ce ƙanshi ya wasa masa marmari a yi masa kallon mai jin Hausa. Mu cewa muke yi abu ya tayar masa da kwaɗayi, ko ya sa yawunsa ya tsinke, ko yaji ya buɗe masa ciki. Haka nan in Bahaushe ya ce maroƙi na wasa Sarki, ba za a juya shi da "whet" ba, domin Ingilishi bai bi da kalmar ta hanyar yabo ba. Amfanin harshen gida shi ne ya buɗe maka ƙofar ma'ana. In ka shiga, sauran aiki na lura ne da yadda masu harshen ke jera kalmominsu, wannan kuwa sai da yawan karatu.

MASU CEWA BA KOME

Na san akwai masu cewa wannan duk ɓata lokaci ne a kan harafi guda, tun da mai karatu zai gane abin da ake nufi. Amsa ita ce, wani lokaci zai gane, wani lokaci kuwa ba zai gane ba, kamar yadda misalin rijiyoyin nan ya nuna. Ko da ya gane ɗin, ya riga ya gane wani abu kuma game da marubucin, watau yana amfani da kalmar da bai san ta ba. Daga nan sai ya fara shakkar alƙaluman da ke cikin rahoton su ma. Ga ɗalibi kuwa abin ya fi haka tsada. Hukumar shirya jarrabawa ta Afirka ta Yamma, WAEC, wadda aka kafa a 1952, tana rage maki a takardar insha'i saboda kuskuren haɗa baƙaƙe, kuma kowa ya san ba a shiga jami'a a Nijeriya sai da kyakkyawan sakamako a Ingilishi. Irin waɗannan ƙananan kurakurai ne ke taruwa su hana yaro makin da yake nema.

Waɗansu kuma sukan ce ai harshe canzawa yake yi, watakila wata rana "wet" ɗin ce za ta zama daidai. Gaskiya ne harshe na canzawa, tarihin "hw" da muka kawo ma shaida ne. Amma ma'aikacin da ke rubuta wa Kwamishina takarda a yau da ƙa'idar yau za a auna shi, kuma manyan ƙamusoshin Ingilishi "whet" suka sani a wannan zance. Masu dogara ga kwamfuta ko wayar hannu ta gyara musu rubutu su ma su sani cewa "wet" kalma ce sahihiya, saboda haka mai duba haɗa baƙaƙe yana iya wuce ta bai ja mata layi ba. Na'ura na iya tsare ka daga kalmar da babu ita, amma sanin abin da kake nufi yana wuyanka.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Kira na farko ga malamai ne. Al'adar nan ta hukunta yaro don ya yi Hausa a harabar makaranta, da sunan wai ta haka ne zai iya Ingilishi, jefar da dutsen washi ne a bar yaro da dakusasshiyar wuƙa. Malamin da ya rubuta "whet" a allo ya ce wa yara su haddace "to stimulate", ya ba su baƙuwar kalma a madadin wata baƙuwar. Wanda kuwa ya ce musu wasa wuƙa ne, ya tambaye su inda Bahaushe ke amfani da wasa ban da ƙarfe, ya gama darasin cikin minti biyar kuma ya zauna. Ba zato ne kawai ba. A 1970 Jami'ar Ife ta fara wani gwaji a ƙarƙashin Farfesa Babs Fafunwa, inda aka koyar da yara dukkan darussan firamare na shekara shida da Yarbanci, aka bar Ingilishi a matsayin darasi guda, kuma sakamakon ya nuna yaran ba su gaza takwarorinsu a Ingilishin ba.

Kira na biyu ga ɗalibai ne. Ku riƙi ƙamus biyu, kada ku tsaya ga ɗaya. Ƙamus irin na Hornby, wanda Oxford ta fara bugawa a 1948 musamman domin masu koyon Ingilishi, zai nuna muku kalmomin da kowace kalma ke tafiya da su. Na gida kuma akwai su, tun daga na Bargery na 1934, da na Abraham na 1949, da na Skinner na Turanci da Hausa na 1965, har zuwa Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006. Duk zancen Turawa da ya burge ku, kafin ku sa shi a insha'i ku warware shi kalma kalma, ku tambayi kanku ko mene ne wannan a hannun manomi ko mahauci ko matuƙin jirgi, domin yawancin adon magana daga sana'a ya fito.

Kira na uku ga 'yan'uwa ma'aikata ne. Takardar ofis ba fagen nuna gwaninta ba ce, amfaninta a karanta a gane a yi aiki. In kana nufin jama'a na son ƙari, rubuta "the people want more", ba wanda zai raina ka a kan haka. In kana nufin sun gamsu, rubuta "the people are satisfied". Zanen aro ba ya rufe katara, kalmar da ba ka mallake ta ba kuwa ranar da ka fi bukatarta za ta tona maka asiri. Amma in ka san ta, to, yi amfani da ita a gurbinta, domin kalma ce mai kyau wadda ke faɗin abu mai yawa a taƙaice.

Saboda haka duk lokacin da alƙalami ya kawo ka kan wannan zance, dakata ka tambayi kanka da Hausa, shin wasawa nake nufi ko jiƙawa? In wasawa ce, sa mata "h" ɗinta, ka kuma tabbata abin da ka wasa ƙaruwa zai yi. In kuwa ka yi shakka, ga ƙamus a kan tebur, ga kuma abokin aiki a kusa, matambayi dai ba ya ɓata.